Ina Tattalin Iyayenmu Ya Tafi? Fashin Baƙi Kan Ajiya da Kashe Kuɗi a Arewacin Kamaru da Chadi

A duk inda dattawa suka zauna, ko a Garwa ko a Marwa ko a Kusiri, da wuya a tashi hira ba a taɓo maganar yaran zamani da yadda kuɗi ba ya kwana a hannunsu ba. Ƙorafin yana da tushe, domin kowa yana ganin matashin da zai samu sefa dubu biyar da safe, kafin magariba ta tafi a katin waya da man babur da teburin mai shayi, gari na wayewa kuma ya shiga neman rance. Sai dai bayanin da aka fi yi, wato tarbiyya ce ta lalace, bai isa ya warware al'amarin ba. Kakanninmu ba a halicce su da wata zuciya ta daban ba. Abin da ya raba mu da su shi ne siffar dukiyar da suka riƙe, da kuma nisan da ke tsakanin mallakar abu da samun damar kashe shi. Wannan nisa ne ya yi ta raguwa cikin shekaru ɗari da suka shige, har ya kusa ɓacewa.

Tushen tattali a wannan yanki shi ne damina. Ruwa yana sauka ne 'yan watanni kaɗan, abin da aka girbe kuma shi zai ciyar da gida har shekara ta zagayo, don haka manomin da bai iya lissafi ba yunwa ce take koya masa. Mutanen filayen Diyamare na kewayen Marwa da gaɓar kogin Lagon da kewayen Tabkin Chadi sun ƙara wa kansu dabara ta hanyar dasa masakwa a ƙasar laka bayan ɗaukewar ruwa, su girbe ta cikin sanyi, amma ko da girbi biyu, watan Agusta yana nan da ƙuncinsa. Hatsi ana zuba shi a rumbu da zangarniyarsa, kamar yadda Annabi Yusuf (AS) ya shawarci mutanen Masar, domin ya fi jure wa ƙwari a haka. Maigida ne yake buɗe rumbu, shi ne yake fitar da awo, sannan kafin damin dawa ya zama tuwo sai an yi sussuka da shiƙa da surfe da niƙa. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan aiki ne mai cin ƙarfi, kuma wahalar da ke cikinsa ita kanta tana hana ɓarna. Gidan da yake da hali yana ware rumbun tsimi wanda ba a taɓa shi sai an ga amfanin sabuwar damina ya tsaya da ƙafarsa, kuma abin kunya ne a ji cewa mutum ya fasa shi don ya ɗinka riga.

Abin da ya wuce bukatar ciki ana mayar da shi dabba. Mace takan fara da kaza, ta sayar da 'ya'yanta ta sayi akuya, daga akuya ta kai tunkiya, wata har ta kai ga karsanar da za a damƙa wa makiyayi ya haɗa da garkensa. Ajiya ce mai haihuwa, amma babbar fa'idarta ita ce wahalar taɓawa. Wanda yake son sayar da sa sai ya aika daji an koro shi, ya jira ranar kasuwa, ya bi ta hannun dillali, ya biya la'ada, kuma kafin a sallama duk unguwa ta san cewa wane ya sayar da sansa, za a kuma tambayi dalili. Sha'awar da ta taso wa mutum da hantsi ba ta iya jiran wannan doguwar hanya, sai bukatar gaske kaɗai. Haka nan asusun ƙasa, wanda ba a cire ko ƙwandala daga cikinsa sai an fasa shi gaba ɗaya, haka nan adashi, inda mutum yake ɗaure kansa da idon jama'a: in ranar zubi ta zo dole ya nemo, in ba haka ba sunansa ya ɓaci a wurin uwar adashi da sauran 'yan zubi.

Kayan ɗaki ma, waɗanda yau ake kallonsu a matsayin tushen almubazzaranci, asalinsu ajiya ce. Uwa takan fara tara wa 'yarta tun tana goye, daga ribar ƙuli-ƙuli ko fura ko kaɗi, yau tasa ɗaya, wata mai zuwa kwano biyu. Jeren da amarya take yi a ɗakinta ado ne, amma kuma dukiyarta ce ta kanta wadda miji ba shi da iko a kai. Ranar da ciwo ya zo ko aure ya mutu, sai ta kira dillaliya a asirce ta ba ta tasa ko zane, ta fita kunya ba tare da kowa ya ji ba. Tasar tagulla da ƙarau na azurfa ba sa ruɓewa, kuma kuɗinsu ba ya faɗuwa sosai bayan shekaru.

Hausawan wannan yanki da yawansu jikokin fatake ne. Bayan da Modibbo Adama ya karɓo tuta a farkon ƙarni na 19, aka kafa lamidodin Fombina, wato ƙasar Adamawa, ayarin Kano da Katsina da Zazzau sun riƙa kutsawa har Ngaundere da Tibati da Banyo, suna kai tufafi da kanwa da kayan fata, suna komowa da goro da hauren giwa, da kuma bayi, wanda bai kamata a ɓoye ba. Tarbiyyar falke ita ce rarrabe uwar kuɗi da riba. Yana iya tafiyar watanni da ɗan guzuri, ya kwana a zauren mai masauki, ya sa riga ɗaya har ta koɗe, domin ya san cewa wanda ya ci jari ya gama yawo. Kuɗin wancan zamani kansu ba su da sauƙin kashewa, tunda wuri dubu ashirin, wato keso guda, kayan mutum ɗaya ne cur. A gefen Chadi kuwa, unguwannin Hausawa da dama sun samo asali ne daga maniyyata masu tafiya Makka a ƙasa, waɗanda suke yada zango a Fort-Lamy, wato Njamena ta yau, ko a Abeshe, su yi ɗinki ko fawa ko wanzanci ko koyar da allo na shekara ɗaya ko biyu, su tara guzurin zango na gaba, sannan su ɗaga zuwa Sudan. Wasu sun kwashe shekaru masu yawa kafin su ga Ka'aba, wasu kuma nan suka zauna suka hayayyafa.

A nan akwai kuskuren da masu yabon zamanin da suke yawan yi, na ɗaukar tattali a matsayin maƙo. Bahaushe bai taɓa girmama marowaci ba, kuma addini ya ja layi a tsakiya: Suratul Isra'i ta hana ƙuƙunce hannu a wuya, ta kuma hana shimfiɗa shi gaba ɗaya, ta kira masu almubazzaranci 'yan'uwan shaiɗanu. Mutumin da yake auna gishirin miya a ranakun banza shi ne zai yanka rago ranar suna, ya cika unguwa da tuwo ranar aure, ya yi wa maroƙa kyautar da za a daɗe ana zancenta. Ko wannan kashewar tana da lissafi a ƙarƙashinta. Gudunmawar biki bashi ce da ba a rubuta ba, wadda mace take kai wa ƙawarta tana sane da cewa za ta dawo mata da ƙari ranar nata bikin. Wato dai ana ajiya a rumbu, ana ajiya a garke, ana kuma ajiya a jikin mutane. Ya kamata kuma a faɗi gaskiya cewa wani ɓangare na wannan tsimi na dole ne, domin kasuwar ƙauye ba ta da abubuwa da yawa da za su ja hankalin mai kuɗi.

Sauyi ya fara ne da haraji da kanti. Jamusawa sun kama Garwa a 1901, Faransawa suka karɓe ta lokacin yaƙin duniya na farko, kuma dukansu sun bukaci a biya haraji da kuɗinsu, abin da ya tilasta wa manomi noman abin sayarwa. A kudancin Chadi an ɗora wa mutane noman auduga na tilas tun ƙarshen shekarun 1920. A arewacin Kamaru kamfanin auduga na Faransa, CFDT, shi ne ya yaɗa ta daga farkon shekarun 1950, kafin Sodecoton ta gaje shi a 1974, kamar yadda Cotontchad ta karɓi harkar a can a 1971. Jiragen ruwa suna hawowa Binuwai zuwa Garwa a 'yan watannin da kogi yake cike, su sauke gishiri da kananzir da yadi da siminti, su kwashi gyaɗa da auduga. Duk da haka, kayan da mutane suka fara buri a wancan lokaci masu daɗewa ne, kuma da yawansu jari ne: keken hawa, keken ɗinki, kwanon rufi, garmar shanu, rediyo. Kuɗin auduga sau ɗaya suke zuwa a shekara, don haka tunanin manomi bai rabu da lissafin shekara ba. Abin da ya shigo sabo shi ne bashin taki da maganin ƙwari da ake cirewa ranar awo, wanda ya saba wa mutane da cin amfanin gona tun kafin a shuka ta.

Albashi ne ya karya lissafin shekara. Bayan samun 'yancin kai a 1960, malamin makaranta da ma'aikacin ofis da soja suka zama abin koyi, kuma rayuwarsu a kan wata take tafiya. Wanda ya tabbata cewa kuɗi za su sake zuwa bayan kwana talatin ba shi da dalilin gina rumbu. Mai kanti zai buɗe masa shafi a littafi, ya ɗebi shinkafa da sukari da madara, ƙarshen wata a yi lissafi. Da layin dogo ya iso Ngaundere a 1974, kayan Duwala suka sami hanyar kwararowa arewa har zuwa Njamena duk shekara, ba tare da jiran cikar kogi ba.

Turai da Amurka sun bi irin wannan hanya, amma da wani bambanci mai muhimmanci. A can an mayar da tattali hukuma tun da wuri: an buɗe asusun ajiyar talakawa na Paris a 1818, Ingila ta kafa na gidan waya a 1861, har a 1924 aka yi taro a Milan na Italiya aka ware ranar tattali ta duniya. Daga baya masana'antu suka fara ƙera kaya fiye da abin da masu tsimi za su saya, sai aka koma koya wa mutane saye. Kamfanin General Motors ya kafa reshen ba da bashin mota a 1919, biyan kaɗan-kaɗan ya bazu a Amurka cikin shekarun 1920, katin bashi ya biyo baya daga 1950. Amma a can saye ya ƙaru ne tare da ƙaruwar albashi da fansho da inshora, wato abubuwan da suka ɗauke wa mutum wani kaso na tsoron gobe. Mu kuwa kayan sun iso mana, tallan ya iso mana, amma abin da zai tare mu in mun faɗi bai iso ba, tsofaffin matakan da muke da su kuma suna ta rushewa.

Yadda suka rushe shi ne abin da masu zargin matasa suka fi mantawa. Farin shekarun 1970 da na tsakiyar shekarun 1980, tare da annobar bushiya da ta faɗa wa shanu a farkon shekarun 1980, sun nuna cewa garke ma yana iya ƙarewa a shekara guda. A ƙarshen shekarun 1980 bankuna da dama a Kamaru suka durƙushe da kuɗin jama'a a ciki. A 1993 gwamnati ta zaftare albashin ma'aikata har sau biyu, sannan a watan Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi: faran ɗaya na Faransa da yake daidai da sefa 50 ya koma sefa 100. Wanda ya yi shekara goma yana tara kuɗin hajji ko na mota ya kwanta da dukiyarsa cikakkiya, ya tashi da rabinta in dai abin da zai saya daga waje yake zuwa, alhali maƙwabcinsa da ya riga ya kashe nasa a bulo ko a zinari bai yi asarar komai ba. 'Yan kasuwar kan iyaka da suke riƙe naira sun sha irin wannan ɗaci sau da yawa tun daga 1986. Darasin da mutane suka ɗauka shi ne kuɗin da aka ajiye narkewa suke yi, kuma ba za a ce sun yi kuskure ba. Daga baya 'yan fashin hanya da ake kira zargina, da masu sace makiyaya don kuɗin fansa a Adamawa da Mayo-Rey da Mayo-Kebbi, da rikicin Boko Haram da ya rufe hanyoyin Banki da Gamboru daga 2014, suka mayar da babban garke abin da yake jawo wa mai shi bala'i.

Hukuma ma ba ta ba da misali mai kyau ba. Lokacin da Chadi ta fara fitar da man Doba ta bututun da ya bi ta Kamaru zuwa Kribi a 2003, akwai dokar da ta ware kashi goma cikin ɗari na kuɗin man kai tsaye domin 'yan baya. Ba a cika shekara uku ba aka soke wannan asusu, gwamnati tana kafa hujja da matsalar tsaro, Bankin Duniya kuma ya janye daga yarjejeniyar a 2008. Da farashin mai ya faɗi a 2014 babu abin da za a waiwaya, sai aka koma yanke alawus na ma'aikata a 2016.

A kan wannan ƙasa da ta riga ta yi laushi kayan Sin masu araha suka sauka daga farkon shekarun 2000, ta Duwala da Dubai da Kano da Mubi. Babur ya zama abin da ɗan talaka zai iya mallaka, man Najeriya na fasa-ƙwauri da ake sayarwa a kwalabe a bakin titi ya sauƙaƙa hawansa, wayar hannu kuma ta shiga kowane aljihu. Abin lura shi ne yadda aka daddatsa komai daidai da ƙarfin mai ƙaramin hali: garin sabulu na sefa 25, madara ta 50, tumatirin leda, ɗanɗanon miya, katin kira da na intanet na kwana ɗaya. Babu wanda yake jin zafin fitar da sefa ɗari, kuma a nan haɗarin yake. Tulun da ya fashe kowa zai gani ya ɗauki mataki, amma wanda yake yoyo ta ƙasa sai an zo sha a tarar babu. Da MTN da Orange suka kawo ajiyar kuɗi a waya wajen 2010 da 2011, Airtel da takwarorinta suka yi haka a Chadi, sai nisan nan da muka faro da shi ya ƙare. An huta da ɗaukar kuɗi a jiki a hanyar da ake tare mutane, uwa a ƙauye tana samun saƙon ɗanta daga Yawunde cikin minti guda, kuma wannan alheri ne da ba a musunsa. Amma uzurin da, na cewa sai ranar kasuwa ko sai an sayar da dabba, ya daina aiki. Ɗan'uwa zai kira da tsakar dare ya ce a turo masa yanzu, kuma ya san ana iyawa.

Inda nake ganin zargin dattawa ya faɗa daidai shi ne harkar aure. An riƙe sunan tsohuwar al'ada, an zubar da hikimarta. Kayan ɗakin yau kujeru ne da gado na katakon da ruwa yake kumbura shi, da firiji da talabijin da tarkacen roba, waɗanda suke rasa kaso mai yawa na kuɗinsu tun ranar da aka sauke su daga mota, bayan shekara biyu kuma a ce yayinsu ya wuce. Uba yana sayar da gona ko fili, wato abin da yake hauhawa, ya sayi abin da yake faɗuwa. Lefe ya tashi daga 'yan turamen atamfa ya koma jerin akwatuna, anko ya zama haraji a kan ƙawaye, an ƙaro wuni da liyafa da hayar zaure da mai hoto. Da, amarya da 'yan unguwarsu take gwada kanta, waɗanda kowa ya san ƙarfin gidansu. Yanzu Facebook da TikTok da WhatsApp sun sa yarinyar Marwa tana auna bikinta da na 'yar attajirin Kano ko Abuja da ba ta taɓa gani ba. Malamai suna wa'azi a kai, wasu unguwanni suna ƙoƙarin ƙayyade kaya, amma da wuya dokar ta yi ƙarko, domin babu uwar da take so a fara ragi daga kan 'yarta. Sakamakon shi ne samari suna jinkirta aure, iyaye kuma suna shiga bashin da wani lokaci yakan fi auren daɗewa.

Amma kada biki ya rufe mana ido daga sauran lissafin. Mafi yawan abin da magidanci yake kashewa a gari yau ba na marmari ba ne. Kuɗin makaranta da littattafai, asibiti da magani, haya, ruwa, wuta, gawayi, kuɗin babur zuwa wurin aiki, duk waɗannan kakansa bai biya su da tsabar kuɗi ba, wasu ma bai san su ba. Litar fetur a gidan mai a Kamaru ta tashi daga sefa 630 zuwa 730 a 2023, ta kai 840 a 2024, janye tallafin mai da Najeriya ta yi a watan Mayun 2023 kuma ya ɗaga farashin na bakin titi wanda arewa ta dogara da shi. Manomi ma ya san amfanin riƙe hatsi sarai, amma buɗe makarantu da biyan bashi da bukukuwa duk suna taruwa ne a kusa da kaka, sai ya sayar da buhu lokacin da ya fi araha, ya dawo ya saye shi da tsada a tsakiyar damina daga hannun ɗan kasuwar da yake da jarin jira. Hukumar hatsi da ke Garwa an kafa ta ne domin rage wannan giɓi, sai dai abin da take iya saye kaɗan ne in aka gwada da girman kasuwar.

Duk da haka sha'awar ajiya ba ta mutu ba, kuma shaidar tana cikin kasuwanni. Adashi yana nan da yawa a yau, har ma'aikata da 'yan babur da masu sayar da kati suna da nasu, wasu suna zubi ta waya suna lissafi a zauren WhatsApp. Akwai kuma mai zagayawa rumfa-rumfa kullum da yamma da ɗan littafinsa, yana karɓar sefa ɗari biyar ko dubu daga hannun mai nama da mai kayan miya da tela. Ƙarshen wata zai mayar wa kowa abin da ya tara, ya riƙe zubin kwana ɗaya a matsayin ladarsa. Mai ajiyar ba ya samun ƙarin ko sisi, hasali ma shi ne yake biyan kusan kashi uku cikin ɗari duk wata, ga kuma haɗarin mai karɓar ya gudu da kuɗin, wanda yana faruwa. Mutanen nan suna da waya a aljihu wadda za ta riƙe musu kuɗin a kan ƙasa da haka, amma sun zaɓi su biya wani ya tafi da su inda hannunsu ba zai kai ba sai bayan kwana talatin.